Me Ya Hana A Haɗe Ziri Biyu Na Ƙwayoyi Wuri Guda?

Tambaya: Ni ɗalibin fiziks ne. Idan ana son ƙarin wuta, wato yawan ƙwayoyin da ke wucewa, a na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra, me ya hana a kawo ziri biyu na ƙwayoyin a haɗe su kawai, kamar mahaɗar koguna?

Amsa: Malam ɗalibi, ana haɗa su, amma ba a ɓagas ba. Kyan ziri shi ne ƙwayoyinsa su matsu kusa da juna, kuma duk su fuskanci waje ɗaya. Ƙa'idar Liouville ta nuna maganaɗisu ba ya iya gyara duka biyun lokaci guda: ka matse zirin ya sirance, sai ƙwayoyin su ƙara karkacewa. In ka jera ziri biyu gefe da gefe, wutar ta ninka, kaurin ma ya ninka. Ga furoton ba sa ga maciji da juna, cajinsu ɗaya, ture juna suke yi, musamman kafin gudunsu ya kankama.

Sai a nemi gurbin da ba kowa. Ziri curi-curi yake tafiya, da tazara a tsakani. A na'urar gwaji ta CTF3 da ke CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, an riƙa cusa curin elektiron cikin tazarar wasu, kamar haƙoran zif, har wutar ta ninka sau 8.

Dabarar da ta fi burge ni kuwa ita ce ta masana Budker da Dimov, a birnin Novosibirsk na Rasha, cikin shekarun 1960. A maimakon furoton, sai a turo haidirojin mai ƙarin elektiron ɗaya. Tunda cajinsa kishiyar na furoton ne, maganaɗisun da ke lanƙwasa furoton dama shi yake lanƙwasa shi hagu, sai su hau layi ɗaya. Nan suke cin karo da fallen kabon wanda ko silin gashi ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Fallen ya tuɓe wa haidirojin ɗin elektiron biyu, ya koma furoton a tsakiyar 'yan'uwansa. Haka na'urar Linac4 ta CERN ke ciyar da PS Booster, na'urar hanzartawa mai siffar zobe, tun 2020, da ƙarfin MeV 160 (MeV ma'aunin kuzarin ƙwaya ne).

Fallen ma yana da nasa lahani. Furoton da ke zagaye in suka yi ta ratsa shi sai su warwatse, shi kuma ya ɗau zafi. Shi ya sa ake janye hanyarsu daga gare shi sannu a hankali yayin da zoben ke cika.