Ma'ajin unguwarmu Kirista ne, wai dole na cire shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne ciyaman na ƙungiyar unguwarmu a nan Kaduna, unguwa ce da ta haɗa kowa, Hausawa da Yarbawa da Ibo da Bajju. Ma'ajinmu Kirista ne, shekara huɗu kenan yana riƙe da kuɗin 'yan banga da na gyaran tiransifoma da kwalbati, har ɗan abin da muke tarawa na masallaci duk a asusu ɗaya yake, ko naira bata taɓa ɓata ba. Yanzu wasu samari sun taso min wai haramun ne, wai na jiɓinci kafiri, har ayar Ma'ida suka karanto min. Na cire shi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka cire shi. Amma akwai abin da ka faɗa a wuce kamar ba komai ba, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai, wato kuɗin masallaci da kuka zuba cikin asusun unguwa. Wannan ku raba shi tun yau, kwamitin masallaci ya riƙe nasa, domin abin da mutum ya bayar da sunan masallaci ba a taɓa shi a sayi man tiransifoma ko da bashi ne, kuma ko da liman ne ma'ajin naku haka zan ce. Haƙƙin maƙwabci kuwa ba sai na karanto maka ba.

Su samarin nan, Allah ya saka musu da kishinsu, amma sun ɗora ayar inda ba wurinta ba. Jiɓintar da aka hana ita ce ka so addinin mutum ko ka taimake shi a kan musulmi, to riƙe littafin kuɗin kwalbati fa, ina ya shiga nan? Annabi (SAW) lokacin hijira Abdullahi bin Uraiƙiɗ ya ɗauka ya nuna musu hanya alhali yana kan addinin mutanensa, rayuwarsu fa suka damƙa masa ba kuɗin banga ba. Annabi (SAW) kuma ya rasu sulkensa na jingine wurin Bayahude. Ayar Mumtahana ta 8 ma ƙarara ta ce a kyautata a yi adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Nasan za su ce ai Sayyidina Umar ya yi wa Abu Musal Ash'ari faɗa kan magatakardansa Kirista, haka ne, amma wancan ofishin gwamna ne mai riƙe da sirrin daula, ku kuwa kuɗin nan naku ne ku duka, shi ma da guminsa a ciki, ta yaya za ka karɓi kuɗin mutum duk wata sannan ka ce addini ya hana ya ƙirga su? Ko a harkar mulkin ma Imam Mawardi ya halatta wanda ba musulmi ba ya zama wazirin zartarwa, wato mai aiwatar da umarnin shugaba kawai.

Sai kai kanka. Na ji a maganarka kamar tsoron bakin samarin kake fiye da tsoron hukuncin, to ka sani in ka tuɓe mai amana ba laifi zalunci ka yi, kuma a Kaduna kake, ka fi ni sanin abin da rikicin 2000 da na 2002 suka yi, yadda mutane suka kwashi kaya kowa ya koma gefen kogin da nasa suke. Unguwar da har yanzu take a cakuɗe ba a wasa da ita.

Ka kira samarin gidanka ka zaunar da su, kada ka kunyata su a guruf ɗin WhatsApp, ka ba biyu daga ciki aikin duba lissafi duk wata uku, sau da yawa wanda ba a sa shi a komai ba shi ke neman ayar da zai rusa. Shi guruf ɗin ma a bar shi na sanarwa, wa'azi kowa ya kai nasa wurin. Kada ku sa taro lokacin Juma'a ko safiyar Lahadi, in an yi magana da Hausa a samu mai fassara wa wanda baya ji. In an yi wa Kiristocin unguwar rasuwa ka je ka yi gaisuwa, ibadarsu ce dai ba za ka shiga ba.

Wallahu a'alam.