Ga mai tambaya kan David Holmes da kiɗan fim

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce shekara huɗu kana DJ a biki kana haɗa kiɗa a kwamfuta, kana son shiga kiɗan fim kamar David Holmes, makaɗin nan na Belfast, babban birnin Arewacin Ayalan, kuma wani furodusa ya ce ka fara kawo masa kyauta a ga hannunka. Don Allah kar ka ba shi. Ni na bayar.

Wata biyu ina kwana a situdiyo, man janareto daga aljihuna. Kiɗa goma sha ɗaya na zuba a filasha na kai masa har ofis, ya dafa kafaɗata ya ce "ƙanena, ka shigo gari". Ranar da fim ya fito na tara ƙannena da mahaifiyata, muka jira sunaye suna wucewa har allo ya yi baƙi. An rubuta direba, an rubuta mai kawo abinci, sunana babu. A gurbin kiɗa sunan wani yaronsa na gani. Mahaifiyata ba ta ce uffan ba, ta ɗauki butarta ta fita. Da na kira shi sai ya ce ai albarka nake nema, ba kuɗi ba. Har yau idan na ji kiɗan nan a wayar wani, ƙirjina zafi yake yi. Na bar shi da Allah.

Shi Holmes ɗin da kake kallo bai bi ofis-ofis yana raba kiɗansa ba. A 1969 aka haife shi, auta cikin 'ya'ya goma, yana shekara 15 ya fara DJ, lokacin da rikicin Katolika da Furotesta ke cin Arewacin Ayalan. Gyaran gashi yake yi don ya riƙe kansa, ya kuma haɗa nasa daren rawa mai suna Sugar Sweet a kwalejin zane ta garin. A 1995 ya fitar da cikakken kundin kiɗansa na farko da sunansa a jiki. Na 1997 kuwa, titunan New York ya zaga da rikoda yana ɗaukar hirar mutane ya saƙa ta cikin kiɗan. Sai a 1998 ya yi wa daraktan Amurka Steven Soderbergh kiɗan fim ɗin Out of Sight, a 2001 kuma na Ocean's Eleven. Lissafa ka gani, kusan shekara 14 kenan yana fama kafin wannan ƙofa ta buɗe. Kai huɗu ka yi.

Saboda haka ka fitar da naka tukuna, ko guda uku ne, ka ɗora a YouTube da sunanka. Idan dole sai furodusan ya ji, tura masa rabin minti da muryarka a kai. Rabin kuɗi kafin aiki, a rubuta a takarda, a sa shaida, ko da abokin yayanka ne. Furodusan nawa ma ta hannun ɗan'uwa na san shi, kunya ce ta hana ni neman takarda.

Kar kuma ka raina bikin nan, a nan za ka gane kiɗan da ke tayar da mutane daga kujera. Ka dinga matsawa daga jikin sifika, kunnena na hagu tun bara yake min ƙugi. In ka shirya guda ukun, turo min in saurara kafin ka ɗora.