Ku Tambaya Mu Amsa: Rage albarushin harsashin .22 don rage ƙara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da bindiga .22 mai lasisi, ina kare rumbun masarata a Ejura da ita daga gafiya, amma ƙararta tana damun maƙwabta. An ce in zare kan dalmar in rage albarushi in mayar, ko in sake cika tsofaffin kwansuna. Wanne ya fi? Daga wani manomi, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Duka biyun ka bar su.

Harsashin .22 LR, wanda ya fito a Amurka a 1887, sinadarin da ke kunna shi yana cikin leɓen gindin kwanso ne, a zagaye. Allurar bindiga tana murƙushe leɓen, wuta ta tashi. Kwanson da aka harba ya riga ya lotsa, sinadarinsa ya ƙone, babu wurin sa sabo. Shi kuwa harsashin da ba a harba ba, matse shi da filaya ganganci ne, don leɓen nan da aka matsa yana iya tashi a hannu. Ko ya zaru lafiya, dalmar mai laushi ta riga ta lauye, bakin kwanso ba zai sake riƙe ta daidai ba, kowane harbi da nasa ƙarfin. Sannan dokar makamai ta Gana ta 1972 ta hana haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma lasisin riƙe bindiga ba shi ne wannan izinin ba.

Babban haɗarin shi ne dalma ta maƙale a cikin bututu. Albarushi ya yi kaɗan, ka ji "fut" maimakon "tau", ba ka ga inda ta sauka ba, ka sake ɗanawa ka harba. Ta biyu ta tarar da ta farko, iskar da ke tsakaninsu ta matse, bututu ya kumbura a wurin, ko kwanso ya tsage ya feso maka wuta a ido. Duk lokacin da ƙara ta sauya, tsaya. Cire gidan harsashi, buɗe bindigar, leƙa bututun ta baya ka ga haske. In ya toshe, a tura dalmar da sandar tagulla, ko a kai wa mai gyara. Kada a kuskura a ce za a fitar da ita da wani harbin.

Abin da kake nema kamfanoni sun riga sun yi. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma wani ɓangare na tsawar da ke tada maƙwabta daga dalmar da ta wuce wannan gudun yake fitowa. Nemi kwalin da aka rubuta subsonic wurin dillali mai lasisi, gudunsa bai kai na sauti ba. Wani harsashi mai suna CCI Quiet-22 ya fi shi sanyin gudu, wajen mita 216 a daƙiƙa da dalma mai nauyin giram 2.6. Wanda ake kira Aguila Colibri kuwa babu albarushi a cikinsa ko kaɗan, a dogon bututu yakan maƙale, don haka ba naka ba ne.

In bindigarka mai ɗana kanta ce, mai sanyin nan sau da yawa ba ya iya tofar da kwanso, sai ka ja da hannu. Saiti ma zai sauya, dalmar za ta riƙa sauka ƙasa. Kafa kwali a mita 25, tudun ƙasa mai laushi a bayansa, harba biyar, gyara saiti, sake biyar. Gafiya kada ka harbe ta nesa da haka, rauni kawai za ka ji mata. Kuma kada ka harba wajen daɓen siminti ko dutse, dalma mai sanyin gudu takan yi tsalle ta nufi inda ba ka nufa ba.