Yaushe zan mayar da iri cikin ƙasa?

Ɗana, ka tambaye ni ko irin tumatirin da ka cire jiya za ka iya yafa shi gobe, ko kuwa sai ya shekara. Ba sai ya shekara ba. Amma gobe ta yi kusa, domin bai bushe ba, kuma ba haka ake cire shi ba.

Duba ƙwayar da kyau. Akwai wani yauƙi da ya lulluɓe ta, shi ke hana ta tsira tun tana cikin tumatirin. Ka samu wanda ya nuna luguf, ka matse shi cikin kwalba har da ruwansa, ka ajiye a inuwa kwana 2 zuwa 3. Zai yi tsami, fumfuna ta taso a sama, har ya ɗan yi wari. Kada wannan ya dame ka, yauƙin ne yake narkewa. Daga nan sai ka ƙara ruwa ka motsa: iri mai kyau zai kwanta a ƙasa, fanko ya taso, ka tsiyaye shi. Kada dai ka bari ya wuce kwana 4, don sai ya fara tsira a cikin ruwan, kuma wanda ya tsira aka shanya ya mutu ke nan.

Shanya a faranti ake yi, a inuwa inda iska ke ratsawa, mako ɗaya zuwa biyu, kana juyawa. Rana mai zafi tana dafa iri. Hannunka ne zai gaya maka ya bushe: irin kabewa in ka lanƙwasa ya karye ƙas, to ya yi, in ya tanƙware kawai, da saura.

Da zarar sun bushe, tumatir da wake da kuɓewa da tattasai ba sa buƙatar wani dogon jira, lokacin shukarsu kaɗai za ka duba. Kuɓewa bawonta tauri ne da shi, jiƙa ta ta kwana kafin ka shuka. Latas ne mai gardama. Sabon irinsa yakan ƙi tsira, musamman in zafin ƙasa ya haura digiri 30, don haka ka ba shi 'yan watanni, ka kuma jira sanyi. Kokwamba ma ta fi tsira in ta ɗan huta 'yan makonni.

Ni abin da ya fi damuna ma shi ne wanda ya daɗe a ajiye. Irin albasa da ya haura shekara, kada ka dogara da shi. Tattasai yakan kai shekara 2 ko 3, tumatir 4 ko fiye, in an rufe su ruf a kwalba a wuri mai sanyi marar laima. Rubuta suna da wata a jikin kwalbar. Kafin ka gyara fangali, ɗauki ƙwaya 10, naɗe a tsumma mai danshi, ka duba bayan mako guda. In 8 sun tsira, shuka. In 5 ne, ka ninka yawan irin. Ƙasa da haka, nemi wani.

Sannan wace shuka ka cire wa irin? Mutane da yawa sai sun gama tsinka suke tuna iri, su kwashi ragowar ƙarshe, shi ya sa amfaninsu ke ja da baya. Tun da wuri ka sa alama a kan shukar da ta fi lafiya da yawan 'ya'ya, ka bar mata nata. Kokwambar da ake ci ɗanya ce, ta iri sai ta yi rawaya a jikin uwarta. Kuɓewa da wake kuma sai kwanson ya bushe yana ƙara. In ka ga F1 (alamar irin da aka samu ta haɗa iri biyu daban) a takardar irin da ka saya, 'ya'yansa ba za su ɗauko uwar ba, kada ka wahalar da kanka. Albasa da karas da kabeji kuwa sai a zagayensu na biyu suke fure.

In irin tumatirin nan ya bushe, kada ka mayar da shi inda ka cire tumatir ko tattasai ko gauta, dangi ɗaya ne kuma cutarsu tana kwana a ƙasa. Kai shi fangalin da wake ya tashi.