Kafin ki biya kuɗin firij ko butar lantarki na hannu

Hajiya, kin tambayi yadda za ki gane firij da butar lantarki na hannu ba za su jawo miki gobara ba kafin ki saya a Kasuwar Barci da ke Kaduna.

Fara da juya bayan kayan, ki karanta 'yar takardar da ke manne. Wutarmu a Najeriya volt 230 ce. In kin ga 110 ko 120, kayan Amurka ne, kina jona shi kai tsaye zai ƙone sai an haɗa shi da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Ba kowane mai shago ke faɗa miki ba.

Sai wayar. Bi ta da yatsu tun daga filogi har inda ta shiga jiki, duk inda aka naɗe da salatif ki ce a warware. Ni na taɓa sayen hita a nan Tudun Wada, ashe an sa mata siririyar waya irin ta rediyo. Ko minti goma ba a yi ba filogin ya narke, ƙauri ya cika ɗaki. Nemi filogi mai ƙafa uku da fiyus na gaske a ciki, ba guntun waya da aka murɗa ba.

Kada ki biya sai an kunna a gabanki. Bari firijin ya yi aiki rabin awa, a taɓa ƙarfen jikinsa da tasta, wato sukudireban gwada wuta. In ta kawo wuta, ki bar musu abinsu. Idan rubutun da ke jikin kwamfuresa, wato injin da ke bayan firijin, ya nuna R600a, gas ɗin da ke cikin firijin yana kama wuta, don haka kar yara su riƙa fasa ƙanƙarar cikinsa da wuƙa, kada su huda bututun gas ɗin.