Muna Koyon Damben MMA a Ƙauye, Amma Kullum Sai Wani Ya Ji Ciwo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22 daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Mu shida ne muke haɗuwa bayan la'asar a filin firamare muna koyon damben MMA, wato wanda ya haɗa naushi da shuri da kokawa, daga bidiyon da muke saukewa a waya. Muna da safar dambe ta mutum biyu da muka saya a gwanjo, da buhu ɗaya da muka cika da yashi. Mun kai wata takwas, amma duk ranar da muka gwada juna sai wani ya fasa baki ko ya kwana da ciwon kai, har mutum biyu sun daina zuwa. Ni kuma da an kawo mini naushi sai in runtse ido in juya baya. Abin da ya sa na fara shi ne, ina kai kaya kasuwa a Kano, an taɓa tare ni da wuƙa aka karɓe mini waya. Yaya za mu gyara atisayenmu, kuma zai kare ni idan aka sake tare ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa, kuma ka gode masa da ka koma gida da ranka. Zan fara da maganar filin firamare, domin a yanzu haɗarin da ya fi kusa da kai a can yake.

Abin da kuke yi bayan la'asar faɗa ne, ko da yake kun sa masa suna atisaye. Duk wanda ya san cewa naushin da ke zuwa zai iya fasa masa baki, jikinsa ba zai tsaya koyon komai ba, neman tsira kawai zai yi. Runtse idon nan da juya bayan da kake yi, halitta ce, kowa da ita aka haife shi. Wata takwas ɗin nan kuwa ita kuke ta ƙarfafawa, domin duk sanda ka buɗe ido sai a hukunta ka. Maganinta shi ne naushi ya zo maka sau ɗaruruwa ba tare da ya cutar da kai ba, har idonka ya saba da ganinsa.

Saboda haka ku sauke ƙarfi zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku. Hannu ya fita da sauri, amma ya sauka kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Idan kan abokinka ya wuntsila baya, ka wuce gona da iri. Kada kuma ku fara da sakin jiki kowa ya yi abin da ya ga dama. A turmin farko mutum ɗaya ya riƙa kawo naushi da hannun gaba kawai, ɗayan kuma aikinsa karewa da kaucewa, minti biyu, sai ku canza. Idan wannan ya zauna, a ƙara naushi na biyu. Wani turmin a ce jiki kaɗai za a taɓa, ban da kai. Wani kuma a jingina mutum da bangon aji a ce ya nemi hanyar fita. Idonka ya tsaya a ƙirjin abokin karawarka, domin daga nan kake hango motsin kafaɗa da ƙugu gaba ɗaya. Don haɓarka ta daina ɗagawa, ka maƙale ƙwallon goruba tsakanin haɓa da ƙirji lokacin da kake naushin iska. In ya faɗi, ka ɗauka ka sake.

Na san abin da wani a cikinku zai ce: wai in ba a sha duka ba, ba za a yi tauri ba. Fata tana yin tauri, ƙwauri yana yin tauri, amma ƙwaƙwalwa ba ta yi. Tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, duk naushin da ya girgiza kan sai ta bugu da ƙashi, kuma ɓarnar taruwa take yi. Mu da muka taso a gidajen dambe mun ga tsofaffin 'yan wasa da magana ta yi musu nauyi, hannu yana rawa, tun ba su kai shekarun haka ba. 'Yan damben Tailan, waɗanda ke hawa fili akai-akai, an san su da gwaji mai laushi kamar wasa. Max Holloway na UFC, wato babbar gasar damben MMA, ya faɗa da bakinsa cewa ya bar gwaji mai ƙarfi a shirinsa, kuma a watan Janairun 2021 ya saukar wa Calvin Kattar manyan duka 445 a wasa ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a gasar.

Ciwon kan da ka ce wasu na kwana da shi, shi ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Wanda aka buga a kai ya ji jiri, ko ya ga hazo, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Kada ya sake karɓar duka a kai sai alamun sun ɓace gaba ɗaya kuma ma'aikacin lafiya ya duba shi. A dokar boksin, wanda aka sumar ba ya komawa fili sai bayan aƙalla kwana 30. Idan kuwa ya yi ta amai, ko barci ya rinjaye shi ana tashinsa da ƙyar, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko wani ɓarin jikinsa ya saki, a ɗauke shi zuwa babban asibiti a daren, kada a tsaya a kemis. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya kisa.

Kayan aiki ba sai masu tsada ba, amma ku duba lambar da ke jikin safarku. Ta gwaji ita ce mai lamba 14 ko 16. Ƙaramar nan mai buɗaɗɗun yatsu da kuke gani a UFC lamba 4 ce, ba a naushin fuskar aboki da ita. Kowa ya mallaki robar kare haƙora tasa, irin wadda ake tsomawa a ruwan zafi a cije ta ɗauki siffar baki, kuma ba a aronta. Buhun yashin nan ku zazzage shi. Yashi yana danƙarewa a ƙasan buhu ya zama kamar dutse. Ni kaina a kan irinsa na karya ƙashin bayan ƙaramin yatsana ina saurayi, har yau ina jinsa idan sanyi ya shigo. Ku cika shi da tsummokara da ɓuntun shinkafa, yashin ya zama ɗan kaɗan a tsakiya don nauyi, ku kuma naɗe wuyan hannu da ƙyalle kafin ku sa safa.

Akwai dukiyar da kuke da ita a gida kun tsallake ta kuna kallon waya, ita ce kokawa. Lokacin da aka fara UFC a birnin Denver na Amurka a watan Nuwamban 1993, wanda ya cinye gasar shi ne Royce Gracie ɗan Burazil, mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka, kuma da kayarwa da shaƙa ya gama da waɗanda suka fi shi girma. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a jihar Edo, ɗan kokawa ne tun a makaranta a Amurka, da ita ya danne Tyron Woodley turmi biyar ya karɓi kambu a watan Maris na 2019. Khabib Nurmagomedov na Dagestan ya yi wasa 29 ba a ci shi ko sau ɗaya ba, jarinsa kokawa. Wanda ya iya kokawa shi ke zaɓar inda za a yi wasan, a tsaye ko a ƙasa. Ina da yaƙinin a ƙauyenku ko na maƙwabta akwai dattijon da ya yi tashe a kokawa lokacin kaka. Ku je ku gaishe shi da goro, ku roƙe shi ya nuna muku riƙo da taɗiya da yadda ake sauke ƙugu a hana ɗauka. Rabin lokacinku ya tafi a nan, a kan yashi mai laushi da aka tsince duwatsu da kwalabe. Ga wani alheri kuma: a kokawa kuna iya sa ƙarfi sosai ba tare da an taɓa kan kowa ba. Ko langa da kuka yi kuna yara ku dawo da ita, domin tsayuwa da ƙafa ɗaya ana tura ka ita ce ainihin abin da kake buƙata idan an cafke maka ƙafa.

Damben gargajiya ma yana da abin ba ku, musamman sanin tazara da haƙurin jiran dama. Sai dai tsayuwarsa ta gefe, hannu ɗaya garkuwa ɗaya mashi, tana barin ƙafar gaba a fili ga mai shuri da mai ɗauka, saboda haka ku ɗan gyara ƙirji ya fuskanci abokin wasa, hannu biyu su yi aiki.

Shaƙa da murɗe gaɓa kuwa, ku bi su a hankali tunda ba ku da mai koyarwa a kusa. Shaƙar da ta kama jijiyoyin wuya tana sumar da mutum cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Ku kafa doka: wanda aka kama ya bubbuga jikin abokinsa da hannu, shi kuma ya saki nan take, babu gardama, babu gori.

Ƙarfi ba ya cikin matsalarku, noma da jan guga sun ba ku shi. Francis Ngannou na Kamaru a ramin haƙar yashi ya yi ƙuruciyarsa kafin ya zama zakaran masu nauyi a 2021. Numfashi ne zai ba ku wahala, domin turmin MMA minti biyar ne, hutu minti ɗaya. Ku yi tsallen igiya, ku yi gudu mai tsanani na daƙiƙa 30 sannan tafiya ta minti ɗaya, sau takwas, kwana biyu a mako. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ku mayar da atisaye bayan sallar asuba. Da azumi kuma a bar shi sai bayan an sha ruwa. Duk wanda ya zo filin da tramol a cikinsa a mayar da shi gida, domin ba ya jin ciwon da ya kamata ya tsayar da shi, ba ya kuma sanin nauyin hannunsa.

Yanzu maganar wuƙa. Ranar da ka miƙa wayar nan, daidai ka yi, kuma ko ka shekara goma kana atisaye shawarata ba za ta canza ba. In kana shakka, ku gwada wannan gobe: ka sa tsohuwar farar riga, ka ba ƙaramin cikinku guntun gawayi a matsayin wuƙa, ka ce ya kawo maka hari da gaske na daƙiƙa 15, kai kuma ka ƙwace. Sannan ka cire rigar ka ƙirga zanen. Kowane zane yanka ne, na ciki da na wuya da na cinya kuma kowannensu yana iya zama ajali. Wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna tun 1983 cewa mai wuƙa yana cinye tazarar kusan mita shida da rabi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Bidiyon da ake nuna ana murɗe hannu a karɓe wuƙa cikin sauƙi, da haɗin bakin mai riƙe da wuƙar ake ɗaukarsa. Masu ƙwacen waya kuma da wuya su zo su kaɗai. Kana fama da na gabanka, na bayanka ba ka gan shi ba.

Duk da haka atisayen yana da amfani a titi. Yana hana ka daskarewa, yana sa ka tsaya da ƙafafunka idan an ture ka, ka fizge idan an riƙe maka riga, ka tashi da sauri idan ka faɗi, kuma ya ba ka numfashin gudu. Waɗannan za ku riƙa maimaitawa: mutum biyu su tare ɗaya, shi kuma nasararsa ita ce ya kai bakin ƙofar makaranta cikin daƙiƙa goma. Kada ka bi kowa ƙasa a titi, ko da kai ka kayar da shi, domin a can ake tattaka mutum. Idan dole ta sa ka kai duka, tafin hannu ya fi dunƙule aminci, saboda dunƙule yana karyewa a goshi, haƙori kuma in ya yanke gaɓar yatsa ciwon yana ruɓewa da sauri. In ka ga ba kaya ake nema ba, ranka ake nema, ko ana son a ja ka wani lungu, to ka sa duk abin da ka samu a tsakaninku, benci ko buhu ko babur, ka ɗaga murya ka kira jama'a, ka nemi hanya. Doka ta ba ka haƙƙin kare kanka, amma daidai gwargwadon barazanar. Wanda ya juya ya gudu ka bi shi ka illata, kai za ka tsaya gaban alƙali.

A tafiyarka Kano, ka gama ciniki da wuri ka kama hanya kafin magariba, ka raba kuɗinka gida biyu, kada ka fito da waya a bakin titi ko a cikin adaidaita sahu. Tunda kana shiga birnin, ka ware awa biyu ka leƙa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ka tambayi masu horar da boksin ko judo, ka roƙi ɗayansu ya kalli tsayuwarka da yadda kake faɗuwa. Abin da ya gyara maka sai ka kai wa 'yan uwanka. Su kuma biyun nan da suka daina zuwa, ka taka har gida ka gaya musu an sauke ƙarfi, ka fara tambayarsu ko ciwon kan ya sake su.