Ƙafar da ke ƙuna da dare, amma ba ta ji ƙusa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon suga. Kullum dare yana kukan tafin ƙafarsa na yi masa raɗaɗi kamar an shafa barkono, ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Amma shekaranjiya ƙusa ta huda silifas ɗinsa ta shige shi, bai sani ba sai da ƙanena ya ga jini a kan tabarma. Ta yaya ƙafar da ke hana shi barci za ta kasa jin ƙusa? Wasu a gida na cewa sammu ya taka.
Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. In har ba a kai shi asibiti ba, a kai shi yau, a wanke ciwon, a duba zurfinsa, a yi masa allurar tetanus. Kada ƙanƙantar hujin ta ruɗe ku. Ciwon ƙusa baki ne ƙarami, ciki da nisa, kuma a ƙafar mai suga yana saurin ruɓa.

Abin da kika faɗa muna ganinsa a asibiti a kai a kai, kuma raɗaɗin daren da rashin jin ƙusar duk tushensu ɗaya.

A cikin fata akwai bakunan jijiyoyi masu ɗaukar saƙo, ba na jini ba, kowanne da aikinsa. Wasu taɓi suke ji, wasu sanyi, wasu zafi, wasu kuma sai an yi wa nama illa suke motsawa. A 1997 David Julius, wani masani a Amurka, ya gano wata ƙofa a jikin waɗannan jijiyoyi mai suna TRPV1, wadda ke buɗewa idan zafi ya haura kusan digiri 43. Sinadarin da ke cikin barkono ma yana buɗe ta, shi ya sa attaruhu ke ƙona baki alhali ba wuta. A 2010 Ardem Patapoutian da abokan aikinsa suka gano ƙofofin da ke jin dannawa. Julius da Patapoutian aka bai wa kyautar Nobel a 2021. Da ƙofar ta buɗe, sai ɗan saƙon lantarki ya bi jijiya zuwa laka, daga nan ya haura ƙwaƙwalwa.

Saƙonnin ba gudunsu ɗaya ba. Ki tuna ranar da kika yi tuntuɓe da dutse: kin fara jin wani tsini mai kaifi, sai bayan ɗan lokaci zugi ya biyo. Na farkon ya bi jijiyoyin da ke iya cin mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa, na biyun ya bi sirara waɗanda ba su wuce mita 2 ba. Janye ƙafar kuwa laka ce ta yanke hukunci tun kafin ki san me ya faru. Wannan janyewar ce Baba ya rasa ranar da ya taka ƙusa.

Shi kansa jin a ƙwaƙwalwa ake yinsa. Wilder Penfield, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Montreal ta Kanada, ya riƙa taɓa sassan ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da 'yar wutar lantarki suna farke, sai mutum ya ce ya ji wani yar a leɓe ko a yatsa, alhali ba wanda ya taɓa wurin. A 1937 ya wallafa taswirar da ke nuna kowace gaɓa da gurbinta. Ƙwaƙwalwa ba ta zuwa ƙafa ta duba. Duk saƙon da ya shigo ta layin ƙafa, sai ta ce daga ƙafa yake.

To, suga idan ya daɗe yana hawa, yana lalata jijiyoyin da kuma ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Mafi tsawo su ke fara galabaita, kuma wadda ta tashi daga ƙugu zuwa babban yatsa ta kai kusan mita guda. Shi ya sa abin ke farawa daga yatsu, ya hau sannu kamar an sa safa. Kusan rabin masu ciwon suga kan gamu da wannan a tsawon rayuwarsu. Jijiyar da ta lalace kamar wayar wuta ce da ɓera ya ci: ba ta kai wuta ga ƙwan fitila, amma tana tartsatsi. Tartsatsin ne ke isa ƙwaƙwalwar Baba da dare ta fassara shi da ƙuna, saƙon ƙusa kuwa ya mutu a hanya.

Ni a wurina rashin jin ya fi raɗaɗin ban tsoro, ko da yake raɗaɗin ne ke kawo mutane asibiti. Likita Paul Brand, da ya yi aiki da masu kuturta a Vellore ta Indiya tun ƙarshen shekarun 1940, ya nuna cewa galibin yatsun da suke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Ƙuna ce da yanka da ba su ji ba, suka ci gaba da aiki a kansu har suka ruɓe. Daga baya a Amurka ya yi amfani da wannan darasi a kan ƙafar masu suga.

A asibiti ku nemi a gwada jin ƙafarsa. Wani ɗan siririn zare ne na roba ake danna wa a tafin ƙafa har ya lanƙwasa, nauyin giram 10, mutum ya rufe ido ya ce "na ji" ko "ban ji ba". Dattijai da yawa a nan suke yin shiru, don sai lokacin suke gane ƙafar ta daɗe da daina ba su labari. In yana shan maganin suga na metformin shekaru da yawa, a duba bitamin B12, domin ƙarancinsa ma na taɓa jijiya. Raɗaɗin dare yana da magungunansa na musamman da likita ke rubutawa; farasitamol ba ya cika yi masa komai, kuma kada ku sayo masa ƙwaya a kemis da ka.

Sauran aikin na gida ne, kuma idonku ne zai maye gurbin jijiyarsa. Alwala dama ce babba: bayan ya wanke ƙafa a goge tsakanin yatsu, wani ya duba tafin da dunduniya ko da sau ɗaya a rana. Ja, kumburi, ƙurji ko faso mai zurfi, a tafi asibiti. Kafin ya sa takalmi a zura hannu ciki, a zazzage tsakuwa. Ya bar tafiya ba takalmi ko a tsakar gida ne, balle kan simintin masallaci da azahar. Da hunturu ki gwada ruwan ɗumin da gwiwar hannunki kafin ki miƙa masa, kuma a nisanta ƙafarsa da kaskon garwashi, don na ga ƙafar da ta yi bororo mai ita yana ta hira. Mai yankan farce na kan titi da reza ma a haƙura da shi.

Jin da ya riga ya tafi ba kasafai yake dawowa duka ba, amma riƙe suga daidai yana rage saurin lalacewar abin da ya saura. Ku tafi da silifas ɗin da ƙusar in kun same ta, likita zai so ya ga tsawonta.